Wace unguwa baƙo zai sauka a Alƙahira?

Tambaya: Zan kai mahaifiyata Alƙahira a yi mata aikin gwiwa, kuma an ce za mu yi kamar wata guda saboda gashin ƙashi. Ban taɓa zuwa ba. Wani ya ce mu sauka a Madinatu Nasr, wani ya ce Dokki, wani kuma ya ce kusa da Azhar ya fi. In ta samu sauƙi ina son mu yi ziyara, ni kuma in sayi littattafai da tsaraba. Don Allah a bayyana mini yadda unguwannin garin suke.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a, kai kuma Allah ya ba ka ladan ɗawainiya. Na yi shekaru ina karatu a garin nan, kuma tun ina ɗalibi nake tarbar marasa lafiya daga gida ina raka su asibiti, don haka tambayarka ta faɗo inda na sani.

Mutum ukun nan da suka ba ka shawara babu wanda ya yi maka ƙarya. Kowa ya ambaci unguwar da ta biya masa buƙatarsa ne. Ɗalibi zai ce Madinatu Nasr, wanda ya je jinya zai ce Dokki, malami mai neman littafi zai ce Azhar. Kai kuwa gwiwar Hajiya ce za ta kai ka, saboda haka kada ka kama gida sai ka san sunan asibitin da unguwar da yake, da inda za a riƙa yi mata gashi. Daga nan ka nemi masaukin da bai wuce minti 15 a mota ba. Alƙahira da kewayenta mutum fiye da miliyan 20 ne, kuma cunkoson motocinta ya wuce duk abin da ka saba gani a Kano ko Abuja. Tafiyar da za ka yi a minti 20 bayan asuba, da la'asar sai ta cinye maka awa ɗaya da rabi. Mai lafiya ma yana jigata, balle dattijuwar da aka yi wa aiki a ƙafa.

Bari in fara zana maka garin a ka. Kogin Nilu ne ya ratsa shi daga kudu zuwa arewa. Gabashin kogi shi ne Alƙahira a hukumance, yammacinsa kuwa Giza ce, lardi mai gwamnansa daban, amma baƙo ba zai ga iyaka ba sai gada. A tsakiyar ruwa akwai manyan tsibirai biyu, Gezira inda unguwar Zamalek take, da Roda a kudu da shi. Filin jirgin sama yana arewa maso gabas, kimanin kilomita 20 daga tsakiyar gari, dalar Fir'auna kuma tana can kudu maso yamma, wato ɗaya ƙarshen ke nan. Duk wanda ya ce maka masaukinsa yana kusa da filin jirgi kuma yana kusa da dala, ka san bai faɗi gaskiya ba.

Sai harshe. In ka yi karatun Larabci a gida zai taimake ka, amma kunnenka zai yi kwana biyu kafin ya saba. Mutanen Alƙahira suna mayar da jimun "ga", ƙafun kuma su haɗiye shi. Giza da Gezira a rubuce da jimun suke. Unguwar da ka karanta Tajammu'u za ka ji direba yana cewa Tagammu', Ƙal'a kuma, tsohon sansanin sarakunan garin, ta koma "Al'a". Shi kansa garin ba kasafai suke ce masa Alƙahira ba, Masr suke cewa, sunan ƙasar gaba ɗaya.

To, mu tsallaka gada zuwa yamma, domin a nan na fi zaton za ku sauka. Dokki da Muhandisin da Aguza unguwanni uku ne a jere a ɓangaren Giza, kuma a nan likitoci suka yi dandazo. Za ka ga bene ɗaya mai hawa goma, jikinsa fal da allunan likitoci, wannan na ƙashi, wancan na zuciya, na ƙasa kuma ɗakin gwajin jini ne ko na ɗaukar hoto. Da yawa daga manyan likitocin malamai ne a jami'a, da safe suna asibitin koyarwa, sai da yamma su buɗe ɗakin duba marasa lafiya nasu na kansu, wanda ake kira iyada. Kada ka yi mamaki in aka ba ku lokacin ganin likita ƙarfe tara na dare. Haka garin yake, yana makara wajen tashi, yana makara wajen kwanciya.

Abin da ya sa nake son ɓangaren nan ga mai jinya shi ne gidajen haya masu kayan ɗaki, "shaƙƙa mafrusha", waɗanda ake bayarwa na mako ko na wata. Don zaman wata guda da dattijuwa, irin wannan gida ya fi otel nesa ba kusa ba, saboda kicin. Abincin Masar yana da daɗi, kuma wani sashe nasa ba baƙo ba ne a bakinmu: ɗa'amiyya 'yar uwar ƙosai ce, mulukhiyya miyar lalo ce, karkade kuwa zoɓo ne. Amma na ga iyayenmu da yawa da bayan kwana huɗu ba abin da suke so sai tuwo. Ku taho da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji. Mara lafiyar da ta ci abin da ranta yake so ta fi saurin miƙewa.

Wajen kama gidan akwai mutum biyu da za ka yi hulɗa da su: simsar, wato dillali, da bawwab, maigadin benen, wanda yawanci yana zaune da iyalinsa a ƙasa kuma shi ne ya san komai na gidan. Ka girmama bawwab, ka riƙa yi masa ɗan alheri, zai sayo muku burodi, ya kawo tukunyar gas, ya tsayar da tasi. Shi kuwa dillali, kada ka ba shi ko sisi sai ka shiga gidan da ƙafarka. Na taɓa kama wa wani dattijo gida ta waya, dillali ya rantse mini akwai lifta, muka iso da daddare daga filin jirgi muka tarar liftar ta yi watanni ba ta aiki, gidan kuma a hawa na shida. Ni da ɗansa muka ɗauke shi a kan kujera, kuma har yau ina jin nauyin abin a raina. Saboda haka ka hau liftar da kanka, "asansir" suke ce mata, ka duba ko akwai matakala kafin a kai gare ta, ka duba banɗakin ko Hajiya za ta iya shiga ba tare da ɗaga ƙafa ba. Haya tana tashi a watannin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da Larabawan yankin Gulf suke cika Muhandisin, musamman kewayen titin Gami'atud Duwalil Arabiyya. Dokki ta fi Muhandisin natsuwa kaɗan, kuma jirgin ƙasa na cikin gari, metro, yana tsayawa a cikinta.

Yanzu Madinatu Nasr, can gabas. Gwamnatin Jamal Abdul Nasir ce ta yanka ta a hamada, ta bunƙasa daga shekarun 1960, kuma girmanta ya kai gari guda. An kasa ta gunduma-gunduma da lamba: Hayyus Sadis, Hayyus Sabi', Hayyus Samin, har zuwa Hayyul Ashir. Babbar harabar Jami'ar Azhar tana nan, shi ya sa ɗalibai baƙi suka taru a kewayenta. A Hayyul Ashir za ka yi tafiya a titi ka ji Hausa, ka ji Yarabanci, ka ji harshen Somaliya da na Indonesiya. Wanda ya ba ka shawarar nan yana tunanin kaɗaici ne, kuma yana da hujja. A nan za ka samu yaron da zai yi maka tafinta, da wanda zai nuna maka inda ake samun abincin gida, da masallacin da za ka haɗu da 'yan uwa. Amma ga Hajiya ba zan zaɓi Ashir ba. Gidajenta na ɗalibai ne, da yawa babu lifta, titunan cike suke da ƙananan bas da masu talla, kuma in asibitinku yana Giza, kullum sai kun ratsa garin gaba ɗaya. In asibitin yana gabas ne, to ka nemi gida a kewayen titin Abbas al-Aƙƙad ko Makram Ebeid, inda gine-ginen suka fi kyau, ga shaguna da kantunan magani, ga kuma Ashir ba nisa in kana son ganin mutanenmu. A unguwar nan ne kuma aka harbe Shugaba Anwar Sadat yana kallon faretin soja ranar 6 ga Oktoba, 1981, kabarinsa yana daura da wurin, za ku wuce ta gabansa a mota.

Tun da na ambaci ɗalibai, bari in faɗi wata magana da ta dame ni. Yawancin yaranmu da ke raka marasa lafiya mutanen kirki ne, suna neman ɗan abin da za su riƙe kansu, kuma ya kamata ka biya su haƙƙinsu da kyau. Amma akwai waɗanda suka mayar da abin dillanci, suna kai mara lafiya inda za a ba su kamasho, ba inda ya dace da ciwonsa ba. Ka zaɓi likita tun kana gida, ta hanyar likitanku ko wanda aka yi wa irin aikin ya warke. Ka nemi a rubuta maka kuɗin aiki kafin a fara, ka biya a teburin asibiti da hannunka, ka karɓi rasit.

Maƙwabciyar Madinatu Nasr ta arewa ita ce Misrul Jadida, wadda Turawa ke kira Heliopolis. Wani attajiri ɗan Beljiyam, Baron Empain, shi ya fara gina ta a 1905, gidansa mai siffar ɗakin bautar Indiyawa yana nan a kan hanyar filin jirgi, an gyara shi an buɗe wa masu ziyara a 2020. Tsohuwar zuciyarta, Korba, shaguna ne a ƙarƙashin rumfunan gini masu ginshiƙai, mutum yana tafiya a inuwa. Akwai asibitoci masu zaman kansu da dama, filin jirgi kuma yana bakin ƙofa. Da a gabas asibitinku yake kuma aljihu zai ɗauka, da nan zan sauke Hajiya.

Ma'adi tana kudu a bakin kogi, unguwar bishiyoyi da shiru, Turawa da ma'aikatan ƙungiyoyin duniya sun fi yawa a cikinta, kuma a bakin titin kogin akwai manyan asibitoci. Mai jinya yana samun barci a can. Zamalek ita ce ta kan tsibiri, mazaunin ofisoshin jakadanci, har da na Najeriya, don haka ka san hanyarta ko da fasfo zai ɓace, Allah ya kiyaye. Tana da tsada, amma ku je da yamma ku hau Hasumiyar Alƙahira, mai tsawon mita 187, wadda aka gama a 1961. Da lifta ake hawa, kuma daga sama za ka ga duk abin da nake zana maka. In kana kallon ƙwallo, ga abin da zai ba ka mamaki: hedikwatar kulob ɗin Al Ahly ce take kan wannan tsibiri, shi kuwa kulob ɗin Zamalek yana can Mit Uƙba, gefen Muhandisin.

Tsakiyar gari, Wusɗul Balad, ita ce wadda sarkin Masar Khedive Isma'il ya shimfiɗa a shekarun 1860 da 1870 yana kwaikwayon birnin Faris. Dandalin Tahrir yana nan, da tsohon gidan tarihi da aka buɗe a 1902, da dandalin Ɗal'at Harb. Akwai ƙananan otel masu sauƙi a cikin tsofaffin benaye, sun dace da saurayi mai kwana uku, ba su dace da jinya ba, don hayaniya ba ta mutuwa har asuba. Amfaninta gare ka shi ne kasuwa. Daga dandalin Ataba za ka samu titin Abdul Aziz na wayoyi da kayan lantarki, da Surul Azbakiyya inda ake sayar da tsofaffin littattafai, da titin Muski wanda zai ja ka cikin turmutsitsi har kasuwar Khanul Khalili. Yadi da labule da kayan gwanjo suna Wikalatul Balah a Bulaƙ. Jallabiya da abaya da mayafai na tsaraba ka neme su a Muski da Guriyya, inda 'yan gari ke saye, don sun fi na Khanul Khalili sauƙi sosai.

Nan muka iso inda zuciyata take, tsohon birni. Wanda ya ce ku sauka kusa da Azhar, ƙaunar wurin ce ta sa shi, kuma na fahimce shi, amma kada ka bi shawararsa. Lungunan matsattsu ne, mota ba ta shiga da yawansu, ƙasa kuma duwatsu ne. Wurin zuwa ne da safe a dawo, kuma ina roƙonka kada ka bar Masar ba ka yi masa wuni biyu ba.

Fatimiyawa ne suka kafa wannan birni a 969 a hannun kwamandansu Jauhar as-Siƙilli, a 970 aka aza harsashin masallacin Azhar, a 972 aka fara Juma'a a cikinsa. Ka shiga bayan sallar asuba ko da hantsi, za ka tarar da halƙoƙin karatu, malami a jingine da ginshiƙi, ɗalibai zagaye da shi, kamar zauren malam a gida. Kuma ka sani ba mu ne farkon zuwa ba. A cikin ruwaƙan Azhar, wato sassan da aka ware wa ɗaliban kowace ƙasa su kwana su yi karatu, akwai na mutanen Barno. Tun kafin haka, a shekarun 1240, mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ ta Malikiyya a Fusɗaɗ, can kudancin garin, inda alhazansu ke sauka. Mansa Musa na Mali ya yada zango a garin nan a 1324 a hanyarsa ta hajji, ya rabar da zinariya har darajarta ta faɗi. Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a 1741 a gidan abokinsa Shaihu Hasan al-Jabarti. Har wata unguwa ta talakawa a Giza, Bulaƙud Dakrur, sunanta daga Takrur ya samo asali, sunan da Larabawa suke kiran mutanen yammacin Afirka da shi. Na kan gaya wa yaranmu wannan duk lokacin da wani ɗan tasha ya jefe su da maganar launin fata a titi, domin hakan yana faruwa, kai ma wataƙila ka ji. Ka wuce abinka. Yawancin mutanen garin masu karamci ne, kuma kakanninmu sun taka lungunan nan da daraja shekaru ɗaruruwa da suka wuce.

Littattafan da kake nema suna bayan masallacin, a lungun Darbul Atrak da kewayensa, shago na bin shago. Yawancin littattafan nan masu rawayar takarda da muka taso muna gani a hannun malamanmu, waɗanda ake ce wa bugun Masar, daga maɗaba'o'in wannan yanki suka fito. Ka rubuto sunayen abin da kake so, ka zagaya shago uku kafin ka saya, kuma ka tuna da nauyin kaya a jirgi. In zuwanku ya dace da ƙarshen Janairu, babban baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda aka fara tun 1969, yana ci a lokacin, sai dai yanzu a can Tagammu' ake yinsa.

Tsallaken titi daga Azhar masallacin Sayyidina Husaini ne. Masarawa sun yi imani kan jikan Manzon Allah (SAW) yana binne a nan, malaman tarihi kuwa sun yi saɓani a kai. A bayansa Khanul Khalili take, kasuwar da ta faro tun shekarun 1380, ga turare da tasbaha da fitilun tagulla da layin maƙeran zinariya. Farashin farko da za a gaya maka na baƙo ne, ka taya ƙasa sosai, da fara'a. Daga nan ka fita titin Mu'izz, wanda ya tashi daga ƙofar Babul Futuh a arewa ya dire Bab Zuwaila a kudu, tafiyar kusan kilomita ɗaya, amma ban san wani titi a duniyar Musulmi da ya tara gine-ginen tarihi kamarsa ba. Ka tsaya a ginin Sarki Ƙalawun na 1285. A cikinsa akwai makaranta da ƙubba da asibiti, inda ake duba marasa lafiya kyauta fiye da shekara 700 da suka wuce. Wanda ya kawo mahaifiyarsa neman magani zai ji wani abu a wurin nan. A Bab Zuwaila kuma Turkawa suka rataye Tuman Bay, sarkin Mamaluka na ƙarshe, a 1517, kuma da ka fita ƙofar za ka shiga Khayamiyya, layin masu ɗinkin rumfuna da kayan ado na hannu.

Wuni na biyu na kudancin tsohon birni ne, kuma shi Hajiya za ta iya zuwa wani sashensa, don mota tana kai wa bakin ƙofa. Ƙal'ar da Salahuddin al-Ayyubi ya fara ginawa a 1176 tana kan tudu, a ƙarƙashinta masallacin Sultan Hasan na shekarun 1356 zuwa 1363, wanda aka yi wa makarantu huɗu, kowace mazhaba da tata. A ganina babu ginin da ya kai shi kwarjini a Masar. Gaba kaɗan masallacin Ibn Ɗulun ne, na 879, mai faffaɗan fili da hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta waje, kuma sau da yawa za ka same shi shiru babu kowa. Daga nan sai Sayyida Nafisa da Sayyida Zainab, sai babbar maƙabartar Ƙarafa, inda Imam Shafi'i yake kwance ƙarƙashin ƙubbar da aka gina a 1211. Ibnul Ƙasim da Ashhab, almajiran Imam Malik da fiƙihunmu ya biyo ta hannunsu, su ma a Ƙarafa aka binne su, haka Jalaluddin as-Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Ka tafi da wanda ya san hanya, domin aikin sababbin tituna da gadoji na 'yan shekarun nan ya rushe sassa na maƙabartar, abin da yake ci wa masu son tarihin garin rai ƙwarai. Can ƙarshen kudu Fusɗaɗ take, inda Amr bin al-As ya kafa masallacin farko a Masar wajen 642, kusa da tsofaffin majami'un Kibɗawa, wato Kiristocin Masar. A gefen nan ne kuma sabon gidan tarihin da aka mayar da gawawwakin fir'aunoni da sarauniyoyi 22 a 2021 yake. In Hajiya ta ce tana son ganin Fir'auna, nan za ka kai ta, ba Tahrir ba, kuma wurin yana da sauƙin shiga da keken mara lafiya.

Sauran unguwannin zan ratsa su da sauri. Titin Haram da titin Faisal su ne dogayen hanyoyi biyu da suka nufi dala. Haya tana da arha a can, 'yan Sudan da yaƙin 2023 ya koro sun cika Faisal, amma cunkoson wurin ba na mai jinya ba ne. Ku je dala da sassafe ku dawo, kuma kada ka hau doki ko raƙumi sai kun gama ciniki, har da kuɗin saukowa. Tagammu' a gabas da Sitta Oktoba da Shaikh Zayid a yamma sababbin garuruwa ne a hamada, tituna masu faɗi, gidaje masu katanga, da manyan asibitoci na zamani. In asibitinku yana ɗaya daga cikinsu, ku zauna a can kawai, kada ka yi tunanin zuwa kullum daga cikin gari. Sabon birnin gwamnati da ake ginawa kimanin kilomita 45 a gabas, inda ma'aikatu suka koma, ba abin da zai kai ku. Abbasiyya kuwa ka riƙe sunanta: nan ofishin fasfo da shige da fice yake in zamanku zai wuce wa'adin biza, nan kuma Madinatul Bu'us take, masaukin ɗaliban Azhar baƙi.

Wajen zirga-zirga, kai kaɗai ka hau metro. Shi ne na farko a Afirka, tun 1987, layi uku ne yanzu, kuma akwai taragai na mata zalla a tsakiyar jirgi, kada ka faɗa ciki da kuskure. Tare da Hajiya kuwa ka kira mota ta Uber ko inDrive, kuɗin yana fitowa a waya, babu jayayya. Tsallaka titi a garin nan sai da lura, motoci ba sa tsayawa, don haka ka sa direba ya sauke ku a daidai ƙofar da za ku shiga, ko da zai yi zagaye. Ranakun hutu Juma'a da Asabar ne, kuma safiyar Juma'a tituna fayau suke, ita ce lokacin fita da Hajiya. In tsakanin Disamba da Fabrairu za ku je, ku ɗauki rigunan sanyi da safa, gidajensu suna riƙe sanyi, gwiwar da aka yi wa aiki kuma ba ta son sa.

Da ni ne kai, zan kama otel na kwana biyu kusa da asibitin, mu ga likita, a sa ranar aiki, sannan in zagaya da ƙafata in duba gida uku ko huɗu a unguwar kafin in biya na wata. Littattafai da tsaraba zan bar su sai mako na uku, lokacin da ta fara takawa da sanda. Ranar da likita ya ce ta iya fita, ka kai ta Lambun Azhar da la'asar, wanda aka buɗe a 2005 a kan tudun da ya yi ɗaruruwan shekaru yana juji. Ku samu wuri ku zauna ta fuskar yamma, tsohon birni yana ƙasanku, ku jira kiran sallar magariba ya tashi daga hasumiyoyin gaba ɗaya. Ka gaishe mini da ita, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.